Sikelin da Na Murɗa

Auta,

Ta ci! Tsohuwa, 'yar taki, ta ci abinci, da idona na gani, shinkafa da ƙwai, har ta ɗora da madara rabin kofi. Na san ba haka ake fara wasiƙa ba. Malaminmu na ajin yamma ya sha gaya mana gaisuwa ce farko. To ya yi haƙuri, hannuna ne ya riga ni.

Yanzu ga gaisuwar. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya tsofaffin da kike kula da su? Mu nan lafiya lau. Goggonki na fama da gwiwarta kamar kullum. Ni kuma kunnen nan ya ƙara nauyi, shi ya sa ba na son waya: ke ki yi ihu, ni in yi ihu, 'yarki kuma tana ɗakinta tana jin duk abin da muke faɗa a kanta. Gara takarda.

An sallamo ta daga asibiti. Likitar ta rubuta mini sunan ciwon, na kwafa harafi bayan harafi: anoreksiya nabosa. Ta ce ciwo ne da mutum ke tsoron ƙiba har ya hana kansa abinci. Na ce, likita, yarinyar da ake ƙirga haƙarƙarinta ta cikin riga, wace ƙiba kuma? Ta ce in dawo mu zauna ta yi mini bayani. Ban koma ba. Na ga tunda an sallame mu, ai magana ta ƙare.

Bari ki ji abin daɗin. Akwai babban sikelin buhuna da mai kantin hatsi ya kawo mini gyara, yana nan a shagona na ƙofar gida. Da ta gama cin na ce, Tsohuwa zo ki hau. Ta tsaya tana kallona. Na ce hau mana, ai ba ya cizo. Ta hau. Auta, allura ta motsa! Ta wuce inda aka ce take ranar da aka kwantar da ita. Na leƙa waje na kira maƙwabta, matar mai wanki da ta mai walda duk suka shigo, na faɗa musu lambar. Goggonki ta ja kumatunta ta ce, “Masha Allah, kin murmure, kin fara cika riga.” Kowa ya sa albarka. Ita dai ta sunkuyar da kai. Kunya ce.

Abu ɗaya nake jira yanzu. Shekara goma sha shida ina kiranta Tsohuwa saboda sunan mahaifiyata da kika sa mata, ita kuma tana ce mini “ɗan nan”, tana mini faɗa in na ɓata rubutu. Wata da watanni ke nan ba ta tsokane ni ba. Amma tunda ci ya dawo, baki ma zai dawo.

Kada ki taso. Ba a buƙatarki a nan yanzu, komai ya daidaita.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Goggo, Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau.

Wasiƙarka ta same ni lokacin hutun rana. A tsaye na karanta ta, a ɗakin wanke kwanuka. Na jira in ji daɗi, ban ji ba. Baƙin ciki ma ban ji ba. Na ninke ta na sa a aljihu na koma aiki. Kada ka ga laifina. Tun ranar da aka ce an ɗauke ta daga aji an kai ta asibiti nake haka, kamar hannun da aka kwanta a kansa. Ina gani, ina taɓawa, amma ba na ji.

Kullum sai na ciyar da tsofaffi a gidan nan. In ɗaura musu tawul a wuya, in hura cokali, in ce “buɗe”, su buɗe. Iyayen wasu ne. Har yabona ake yi wai hannuna na da albarka, duk wanda ya ƙi ci ni ake kira. Sai in yi murmushi.

Baba, ina da tambaya. Bayan ranar nan, ka sake ganin ta haɗiye? In ta tashi daga ci, ina take zuwa? Akwai wata nas da muke aiki tare, na nuna mata sunan da ka kwafo. Ta ce wannan ba ciwon faranti ɗaya ba ne, kuma ta tambaye ni wa ya ce a ɗora ta a sikeli gaban mutane. Ka koma wurin likitar.

In na kira yarinyar, “lafiya lau” take ce mini. Na ci, na ƙoshi, makaranta lafiya. Muryarta kamar daga ƙarshen wani dogon ɗaki.

Na ga inda ka ce ba a buƙatata. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Na gane. Wadda ta sa ƙafa ta tafi bayan rasuwar mijinta, ta bar yarinya da tsofaffi biyu, ba ta da bakin cewa za ta zo gyara. Ba zan zo ba. Zan ci gaba da aiko abin da na saba.

'Yarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban rubuto ba. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Goggonki lafiya, ni ma jikina lafiya.

Da farko, maganar “ba a buƙatarki”. Nufina kada ki bar aikinki a kan abin da na zaci ya wuce. Kin san da furfura na shiga aji. Abin da ke raina ba kullum yake sauka daidai a takarda ba. Babu wanda ya ɗora miki laifi. Don ta yi karatu kika tafi.

Na biyu, kin yi gaskiya. Tun ranar da aka ja mata kumatu ta koma gidan jiya. Ba faɗa, ba kuka. Za ta zauna ta yayyanka ƙwai ƙanana-ƙanana, ta yi ta tura shi gefen faranti, ta ce ta ci a makaranta. A makaranta kuma ta ce ta ci a gida. Goggonki ta tsinci burodi a cikin safa, da shinkafa a tukunyar fulawa. Ana zafi, tana sanye da rigar sanyi. Gashinta yana cika mataji. Abin mamaki, ita ta karɓe girkin gidan. Ta cika mana faranti fal, ta tsaya a kanmu tana kallo muna ci.

Wata safiya na buɗe shago na ga sawun ƙafa a ƙurar babban sikelin. Sawu biyu a jere, ba takalmi. Na share. Washegari ga su nan. Ni na nuna mata hanyar.

Na zauna na yi tunani irin na mai gyara. Na ce in lamba ce ke tsorata ta, ai lamba a hannuna take. Auta, kin san ubanki. 'Yan kasuwa nawa suka kawo mini sikeli suna raɗa mini in ɗan taɓa shi, na kore su da kayansu? To na kwance bayan wannan na ɗaure sifirin, yadda in babu kowa a kai allura na kan sifiri, in an hau kuma ya rage.

Da safe na laɓe ta taga. Ta hau, ta duba, ta yi murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba. Na ce shi ke nan, yau za ta ci. Da rana na tura mata faranti. Ta ce, “Kaka, saura kaɗan.” Na ce saura kaɗan me? Ta ce, “Saura kaɗan kawai.” Ko cokalin ba ta ɗaga ba.

Na manta a shagon nan ta yi rarrafe. Ni na koya mata kada ta yarda da sikeli sai ta gwada shi da ƙarfen awo. Bayan 'yan kwanaki na shigo na same ta a durƙushe, ta jawo ƙarfen kilo goma da ƙyar ta ɗora. Allura ta tsaya inda na sa ta tsaya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Kai ma, Kaka?” Ba da ƙarfi ba. Ta mayar da ƙarfen wurinsa, ta goge hannu a riga, ta wuce ciki.

Tun daga nan ba ta yi mini magana ba. Duk abin da ya taɓa hannuna ba ta karɓa, ko ruwa ne, wai ba ta san me na zuba ba. Ina zama a shago ina kallon titi. Masu sikeli su zo, in ce su dawo gobe. Ina jin hannun nan naki da aka kwanta a kansa ne ya same ni.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa.

Goggo ta kira ni ta ce yarinyar ta faɗi a bakin famfo, an mayar da ita asibiti, an ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai. Cokali na hannuna lokacin. Na ce to. Na ƙarasa ba tsohon da ke gabana abincinsa, na goge masa baki. Na je wanke hannu na tsaya ruwa na zuba har wata ta zo ta kashe.

Wasiƙarka ta iso bayan wayar. Ba zan ce maka komai a kan sikeli ba. Da ni ce mai sukudireba a hannu, ban san abin da zan yi ba. Maganar buƙata kuma na ji. Ka yafe mini.

Na nemi hutu. An ce sai an sami wadda za ta riƙe mini tsofaffina.

Akwai wata baiwar Allah a nan da ba ta buɗe baki in ka zauna a gabanta. Sai ka zauna gefenta, kafaɗa da kafaɗa, kana cin naka kana kallon taga, sannan za ta ɗauka da kanta. Ciwonsu ba ɗaya ba ne, ban sani ba ko zai yi. Amma kai da Goggo bakinta kuke kallo, na san ku. Ni ma da haka kuka yi mini ina ƙarama, har sai abinci ya ƙi wucewa.

Ka zauna da likitar har ta gama magana. Kada ka katse ta. Ka tafi da biro.

Ka gaya wa yarinyar cewa... a'a, bar shi. Zan rubuta mata da kaina.

'Yarka.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Daga bencin asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Tsohuwa tana nan da rai. An sa mata na'ura a ƙirji, ana ba ta abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, wai in aka yi gaggawa jikin da ya daɗe da yunwa ba zai ɗauka ba.

Na koma ajin yamma, amma wannan karon a asibiti. Likitar tana tara iyaye a wani ɗaki mai farin allo. Akwai wata malamar makaranta, akwai wani direban babbar mota, shi ɗansa ma namiji ne. Ashe ba ciwon mata kaɗai ba ne. Na zauna a gaba saboda kunne. Ga abin da na kwaso, yadda na gane shi.

Ba taurin kai ba ne. Ba iyayi ba ne, ba kuma shafar aljanun da Goggonki take zargi ba ce. Ciwo ne na tunani da ke cin jiki. Ba wai ba ta jin yunwa ba, tana ji, tsoron ne ya fi yunwar ƙarfi. Kuma duk yadda jiki ya rasa abinci, haka ƙwaƙwalwa ke ƙara kafewa a kan tsoron. Na ɗaga hannu na ba da labarin sifirin. Ba wanda ya yi dariya. Likitar ta ce, “Baba, babu lambar da za ta ishe shi. Ko ka rage rabi, zai ce saura kaɗan.” Na yi mamaki, don ban gaya mata kalmar ba. Ta ce yana kisa, ta zuciya ya fi kamawa. Ta ce kuma ana warkewa, amma a hankali, ana gaba ana baya. Ba abu ɗaya ke kawo shi ba, kuma neman mai laifi ba ya cikin magani. Wannan na ja masa layi don ke.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne maganar kumatu. Mu in muka ce wa mutum ya murmure, albarka muka sa masa. Ita a kunnenta kamar an ce gidanta ya kama da wuta. A nan in za a auna ta, baya take juya wa allura. Ba a gaya mata, ba a kuma yi mata ƙarya.

Jiya na shiga na zauna gefen gadonta yadda kika ce, ina kallon taga. Na ce mata abin da na yi wa sikeli ba daidai ba ne, ba zan ƙara ba. Sai na ce, ina ganin wani sikeli ne a kanki wanda sifirinsa ya lalace. Ta ce, “Kaka, ka daina kwatance. Ni ba kayan gyara ba ce.” Maganarta ta farko ke nan gare ni. Can ta ce, “In na ci, ji nake kamar na kashe mutum. Na san ƙarya ne. Kuma ina ji.” Na bar bakina a rufe, ina jin shi ne abu mafi kyau da na yi tun farkon ciwon nan.

Na kwashe shago. Na daidaita babban sikelin, na gwada shi da ƙarfen awo, na mayar wa mai shi. Sauran, da ƙarafan da kayan aikin, na kai rumfar abokin sana'ata a kasuwa, can zan riƙa zama. Ko na auna gari na kicin ban bari ba. Da na share ɗakin, sai ga shatin ƙafafun sikeli a siminti. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba. Na rufe ƙofa.

Mahaifinki.

*

Auta,

Ta yi mini faɗa! Yau Tsohuwa ta wanke ni tas, a gaban Goggonki! Malamin ajin yamma ya sake yin haƙuri.

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Wasiƙarki zuwa gare ta ta iso tuntuni. Ban san me ke ciki ba, ban tambaya ba, amma tana cikin aljihun rigar sanyinta.

Bari in bi a hankali, don wancan karon gaggawa ce ta kai ni. Ban ce ta warke ba. Tun da aka sallamo ta muna komawa asibiti kowane mako, tana zama da mai ba ta shawara, ni ina zuwa ajina. An karɓe girki daga hannunta. Akwai lokacin ci, ba a ɗagawa, ba a ciniki. Wani farantin sai ya huce ya sandare kafin ta kai rabi. Shekaranjiya ta yi kuka a kan yankan burodi har idonta ya kumbura, muka zauna da ita har ta gama. Ranaku da yawa haka suke wucewa, shiru, sai ƙarar cokali. Nauyinta kuwa ban sani ba. Ni da na yi rayuwata ina gaya wa mutane nauyin kayansu, ban san na jikata ba, kuma ban mutu ba.

Kin tuna shagon da na kwashe? Na sa kafinta ya kafa mini dogon katako a jikin taga, da benci ɗaya dogo. Babu mai fuskantar wani. Mu uku muke jeruwa kamar masu jiran mota, muna ci muna kallon titi, muna gulmar masu wucewa. Ita ta zaɓi fenti, ruwan ganye, ta shafa da kanta a ranakun da take da ƙarfi. Ta bar wani lungu babu fenti, ta ce sai uwarta ta zo.

To yau gwiwar Goggonki ta tashi, ni na shiga kicin. Ƙwai na soya, da dankali. Tun maganar sikeli Tsohuwa ba ta ci abin hannuna ba. Na ajiye mata, na zauna gefenta, na kafa wa wani mai tura baro ido kamar ban taɓa ganin baro ba. Na ji cokali ya taɓa faranti. Sai ta ce, “Kai ɗan nan, wa ya koya maka girki? Ko gishiri bai ji ba.” Ta miƙa hannu ta gabana ta ɗauko gishiri, ta barbaɗa, ta ci gaba. Goggonki ta buɗe baki za ta yi guɗa, na take mata ƙafa, mai ciwon ma kuwa. Har yanzu ba ta kula ni.

Da farko Tsohuwa ba ta cinye ba. Ta bar kaɗan, muka zauna har ta ƙarasa, yadda aka koya mana. Gobe ban san yadda za ta kasance ba. Amma Auta, ta ji ɗanɗano, ta so ya fi haka daɗi, kuma ta ce mini ɗan nan.

Yanzu zan rubuta dalla-dalla don kada ki sake karanta abin da ban nufa ba: ana buƙatarki. Ko an sami mai riƙe miki ko ba a samu ba, ki sake tambaya. Akwai lungunki yana jiran fenti.

Na tambaye ta ko in gayyato mutane. Ta ce in dai ba ita za a zo kallo ba. Na ce a'a, benci za a zo gani. Don haka ki gaya wa yayyenki da matansu, ni zan gaya wa maƙwabta. Sharaɗi ɗaya ne: ba mai cewa ta rame, ba mai cewa ta murmure, ba mai jan kumatu. Wanda bakinsa ke ƙaiƙayi ya yi maganar girkina, akwai abin faɗa da yawa. Kada ku zo a taro, ku zo bi da bi, kowa ya sami wuri ya zauna a jere, ya kalli titi. Bencin dogo ne, na sa an yi shi da sauran wuri.

Ku zo ku gani.

Mahaifinki, ɗan Tsohuwa.